Farin Zakaran Baba Namata

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Ƴan fadarmu ta bakin tasha kullum sai sun tsare ni tun shayin farko bai sauka ba, kowa da irin labarin da ya tsinto. Wani ya ce an kama ni a iyaka da fasa-ƙwaurin kaji, wani ya ce na shiga bokanci, Isufu mai gyaran babur kuwa ya rantse wai an gan ni a tashar Kamba ina hira da zakara. Wannan na ƙarshe kam gaskiya ne, kuma zan faɗi dalili. Ku zauna in ba ku shi daga tushe sau ɗaya, wanda ya sake tambayata bayan yau ya nemi wani telan ya ɗinka mishi kayan salla.

Mu Kyangawa ne, gidanmu na Bana, ni dai ɗinki ne ya zaunar da ni Gaya. Mahaifina, Baba Garba, yana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, ana ce mishi Baba Namata, kuma rabonsu da magana tun ranar sunana. Fuskata ce sanadi. Ranar nan wanzami ya zo da askarsa zai yi mini zanen gidanmu, irin wanda ke kumatun su biyun, sai Baba ya ce a'a, malamai sun ce a bari. Baba Namata ya ce yaron da ba zane, in ya ɓace wa zai san gidan da za a maida shi? Magana ta yi tsami, har Baba ya ce in zane ne arziki ya je ya zane jakinsa. Baba Namata ya kwashe iyalinsa ya haye kogi zuwa ƙasar Benin, bai sake waiwayo ba. Ni da aka yi faɗan a kaina, ga shi har furfura ta fara leƙo mini.

A danginmu irin wannan rabuwa ba ta gyaruwa da fatar baki. Babba ne zai aika da goro, in ƙarami ya yarda sai ya maido da farin zakara mai rai, kuma sai zakaran ya yi cara a tsakar gidan babban kafin a ce faɗa ya mutu. Kafin carar nan ko sallama ba ta shiga tsakaninsu. Damanar bana ciwon ƙirji ya kwantar da Baba, ya rame har rigunansa suka koma kamar na aro. Wata safiya ya kira ni, ya miƙo mini ƙullin goro a ganye, bai ko dube ni ba.

"Kai wa wancan mai taurin kan," ya ce. "Ba na son in je can tsohonmu ya tambaye ni ina ƙanena, in rasa ta cewa."

Na karɓa na fita bayan gida na share idona, don tsoro ya kama ni ƙwarai. Inna ta ce in yi maza, tarin nan ba ya jiran kowa.

Zuwa dai ba wuya. Gada a rufe take kamar yadda kuka sani, sai na shiga jirgin ruwa tare da buhunan albasa da wata mata mai firji, kafin in gama addu'ar tafiya mun sauka Malanbil. Ƙetare ɗaya kawai, amma sunan kabu-kabu ya koma zem, kuma ɗan zem ɗin da ya ɗauke ni bai san amfanin birki ba. Na tsaya cin abinci wajen wata mai sakwara, ta zuba mini da miyar gyaɗa da soyayyen cukunsu mai laushi da suke ce wa wagashi. Ni da na saba da tuwon gero na dage ina tauna sakwara, tana manne mini a dasashi, matar ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ga mutumin Nijar. Ta nuna mini yadda ake haɗiye loma ba tauna, na gwada, sai da ta doki bayana.

Tungar Baba Namata tana ƙasa da Malanbil, a bakin kogi. Can na ga abin da ya bari gida dominsa, don duk wanda ya haura shekaruna fuskarsa a zane take, har da waɗansu da na girma. Wata tsohuwa ta kama haɓata ta juya ni dama da hagu, ta tambayi ƴan rakiyata ko wane ne ya goge ni. Gaisuwarsu ma ta fi tamu nauyi. Mu a Bana ka cire takalmi ka ɗan rusuna ka gama, su kuwa sai ka kai gwiwa ƙasa ka zauna a kan dugaduganka, a tambaye ka gida da gona da gajiya da gajiyar gajiya. Da na tashi ƙafata ta mutu, sai da na dafa turmi.

Baba Namata kamar an tsaga kara da Baba, sai dai ya fi shi gajarta. Ya dubi goron ya daɗe, ya shige ɗaka, ya fito idonsa jawur ya ce hayaƙin murhu ne, alhali ko wuta ba a hura ba. Daga nan ya fasa goro ɗaya ya jefa a baki. Da muka zauna kan tuwon masara da kifi bakinsa ya buɗe, ya yi ta ba ni labarin ƙuruciyarsu. Wai shi gwanin kwaikwayon zakara ne, yakan laɓe bayan rumbu ya yi cara tun dare bai raba ba, yayansa ya zabura ya saɓi hauya ya tafi gona ya zauna shi kaɗai yana jiran gari ya waye. Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya tambaye ni ko tarin yana hana shi barci.

Da safe ya kamo mini zakaran. Ƙato ne, fari fat, da jan tukku da idon mugunta, gaisuwar farko da ya yi mini sara ce a babban yatsa, wanda nake tura allura da shi. Nan take na raɗa mishi suna Kumandan, don na ga alamar ni ne zan yi bauta. Baba Namata ya ce, "Yi gaba da shi." Na ɗauka maganar sallama ce kawai, na rungumi kayana na nufi bakin ruwa.

A nan tafiya ta lalace. Tsohon da ke da jirgin, Basorke ne, cikin masuntan kogin nan, yana ganin Kumandan ya kafa sandarsa ya ce ba inda za mu. A wajensu farin zakara in ya hau ruwa na masu ruwa ne, wato aljanun kogi, ko dai a yanka musu shi a gaɓa, ko kuwa a bar shi a tudu. Na ce jiya na ga an haye da awaki da babur da firji. Ya ce a cikinsu wanne ne farin zakara? Na bi jiragen nan ɗaya bayan ɗaya, duk bakinsu ɗaya. Sai na koma bayan wata rumfa na samu gawayi da toka na murje Kumandan tas, ya koma wake-wake, na dawo ina tafiyar mutumin kirki. Tsohon ya kamfaci ruwa a ƙwarya ya sheƙa mishi. Kumandan ya fito fari, ya fusata, ya yi ta dukana da fiffike, garin kokawa wayar salulata ta zame daga aljihu ta faɗa kogi. Na ce to ga shi masu ruwa sun karɓi rabonsu, a bar mu mu wuce. Ya ce salula ba ta cikin abin da suke ci.

Shawarar da suka ba ni ita ce in yi gabas in shiga Najeriya, in haye ta gadar da ke wajen Bagudo, don abin da ya bi ta gada ba ruwan masu ruwa da shi, daga can in kewayo ta Kamba. Ina tsaye ina hango giginyun ƙasarmu da idona, ga Baba yana tari a can, ga ni zan ba su baya. Haushi ya cika ni har wuya, amma na shiga mota.

A shingen fita daga Benin wani mai kaki ya karɓi kartidantite ɗina, wato katin shaida, ya duba, sannan ya nemi takardar allurar zakara. Na ce zakaran ƙauye ne, bai taɓa ganin lokotoro ba, wato likita. Ya ce to sai dai a bar shi nan a yi mishi bincike. Na leƙa bayan rumfarsu na hango tukunya a kan wuta da yankakkiyar albasa, na gane irin binciken. Na zauna na ba shi labarin Baba tun daga ranar sunana, ban rage komai ba, har ya gaji ya ce in kwashe tsiyata in tafi. A shingen shiga Najeriya kuwa na tarar da wani dogo, mutumin kudu ne can nesa. Yana ganin farin zakara a hammatata ya ja da baya, ya ɓoye hannuwansa, ya ce in wuce, in wuce. Wani fasinja ya raɗa mini cewa a garinsu mai yawo da irin wannan, wurin tsafi za shi. Ban taɓa ƙetare iyaka cikin girma irin na ranar ba.

Yamma ta yi mana a wani ƙauye kusa da Illo, direba ya ce motarsa ba ta da fitila, sai gobe. Wani mai shayi, Malam Sani, ya ji tausayina. Shayinsu ma abin kallo ne, ba irin namu na ƙananan kofuna da ake sha sau uku ana hira ba. Moɗa guda ake cika maka da madara, a haɗa ka da rabin burodi, ka sha ka tashi kamar an ba doki ruwa. Ya kai ni gidan yayarsa, Hajiya Kulu, mace mai fara'a, ta karɓi Kumandan hannu biyu tana sa mini albarka. Na ce a raina ga mutanen da suka san darajar dabba, na tafi masallaci.

Ina dawowa na ji ƙarar wasa wuƙa. Ruwa na tafasa, Kumandan na kwance an take mishi fiffike, maƙwabci ya riga ya naɗe hannun riga. Ashe a garin baƙon da ya shigo da kaza tsaraba ce ya kawo, ba a ma tambaya. Na yi kukan kura na faɗa kansu, hulata a cikin ruwan wanki. Hajiya Kulu ta ji bayanina, amma ranta ya ɓaci, ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin wanda ya ba da kyauta ya ƙwace a bakin wuƙa ba. Tuwon shinkafa ta kawo mini da miya fal, ta ajiye da ƙarfi, ta ce in yi haƙuri ba nama, naman ga shi can yana yawo.

Ban gama cin tuwon ba, ladan na shirin kiran magariba, Kumandan ya haye turmi ya buɗe maƙogwaro ya rangaɗa cara. Mutanen gidan suka zabura. Su a wajensu zakaran da ya yi cara da faɗuwar rana mugun abu yake kira wa gari, maganinsa wuƙa, nan take. Kafin in haɗiye lomar bakina dattawa sun cika zaure, maƙwabcin nan ya dawo da wuƙarsa yana murmushi. Na ce a yi haƙuri, agogon Benin gare shi. Wani ya ce ƙarya nake, yana da ɗa a Malanbil, lokacinsu ɗaya. Sai na durƙusa irin durƙuson da na koya a tunga, na ce wannan zakaran shi ne bakin ubana da ƙanensa, in aka yanka shi tsoho zai mutu da magana a ciki. Limamin garin ya ce baƙo makaho ne ko da idonsa, zakaran bai san dokar gari ba, a yafe mishi. Amma sharaɗi, kada a sake jin muryarsa har ya bar ƙasarsu. Tela ba ya rasa zare. Na ɗaure bakin Kumandan da baƙin zare mai ƙwari, sai in zan ba shi gero da ruwa nake kwancewa, kuma da ya miƙe wuya sai in damƙe.

Sauran hanyar ba abin faɗi sai wahala. Mota ta lalace, aka gyara, ta sake lalacewa, muka kwana a benci. Mun haye gadar ina rungume da shi ina leƙen ruwa ta taga, ba abin da ya fito. A tashar Kamba kuma na faɗa hannun waɗansu ƴan dambe da za su wasa. Da suka ji zakaran ya taka ƙasa biyu kuma ya tsallake wuƙa sau biyu, sai suka ce gashinsa laƙani ne, wanda ya ɗaura shi a damtse ba ya faɗuwa. Mutum ba ya gardama da ɗan dambe. Kowa ya tsige ɗaya da ladabi yana godiya, suka bar Kumandan da gindi fayau. A nan ne na kwance zaren gaba ɗaya, na ɗora shi a cinya na ba shi haƙuri, na ce ya daure mun kusa gida, abu ɗaya kawai nake roƙo gare shi. Wannan ita ce hirar da aka kai wa Isufu. Kumandan ya dube ni da ido ɗaya, ko ƙyat bai ce ba.

Na iso Bana a kan kabu-kabu, ƙura har cikin kunne, ina tsoron kada in tarar da tabarmin makoki a ƙofa. Ba tabarmi. Na yi sallama na shiga, sai ga Baba kwance a rumfa, ga wani gajeren tsoho zaune a gefensa ya ba shi baya yana yi mishi fifita ta kan kafaɗa. Baba Namata ne.

Inna ta ja ni madafa ta zazzage mini. Ashe a can ƙetare al'adar ta sauya, mai zakara ba ya jiran a kira shi kamar yadda muke yi, washegari yake bin zakaransa. Abin da yake nufi ke nan da in yi gaba da shi. Ya shiga jirgi hannu rabbana, kafin fura ta huce ya sauka. Tun ranar suke zaune a rumfa ɗaya, ba mai ce wa wani uffan, don zakara bai yi cara ba. Komai sai ta bakinta. Wannan ya ce ta gaya wa mijinta ya sha maganinsa, wancan ya ce ta gaya wa baƙonta ba shi ne lokotoro ba. Ta ce har aron farin zakaran maƙwabta ta yi ta saka a bayan ɗaki, Baba ya ce wannan muryar ya san ta, na gidan Tanko ne. Ta ce in ba ta Kumandan ya yi abin da ya kawo shi, ita ta gaji da zama tafinta.

Muka sauke shi a tsakar gida, kowa ya zuba ido. Ya karkaɗe jiki, ya tsinci gero, ya kwanta a inuwa. Muka ɗora shi a kan rumbu, ya sauko. Muka kawo mishi kaji mata, ya dube su ya kau da kai, ina jin kunyar gindinsa yake. Da asuba zakarun Bana kaf suka yi ta cara, har na gidan Tanko, Kumandan ya miƙe wuya, ya dube ni, ya maida shi. Zaren nan ya koya mishi darasin da ban iya kwancewa ba, kuma na ji kamar in yi kuka don takaici.

Wajen azahar tari ya turnuƙe Baba, irin wanda ba mu taɓa ji ba. Numfashinsa ya riƙa sarƙewa, Inna ta riƙe kansa tana salati, ni na rasa inda zan sa hannuna. Baba Namata ya miƙe, ya buɗe baki ya rufe. Sai ya sunkuya ya ɗauki Kumandan ya soke a hammata, ya zaga bayan rumbu.

Can sai muka ji cara. Ta fara da ƙarfi, ta karye a tsakiya, ta ƙare da ɗan tari irin na mai cin goro. Ko kajin gidan sai da suka ɗaga kai. Ba wanda ya dubi wani.

Baba ya buɗe ido a hankali, ya daɗe yana maida numfashi.

"Namata," ya ce.

"Na'am, Yaya," aka amsa daga bayan rumbu.

"Zakaran nan naka ya tsufa."

"Tafiya ce ta gajiyar da shi."

"To, na dai ji ya yi cara. Zo ka tashe ni zaune."

Ya zo da gudu irin na tsofaffi, ya tallabe shi ya jingina shi a ƙirjinsa, suka riƙe hannun juna. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa na yi kukana a fili, ba hayaƙin da zan laƙa wa.

Baba yana nan, tarin bai tafi ba amma ya yi sauƙi, Baba Namata kuma ya ce ba zai koma ba sai an yi girbi. Da la'asar ɗin ranar carar na kawo musu fura, na tarar sun zuba mini ido su biyu suna nazari. Baba Namata ya ce shi fa har gobe yana ganin da an yi zanen. Baba ya ƙare mini kallo, ya ce a bar maganar, wannan fuskar ko an zana ta ba gyaruwa za ta yi ba. Abu na farko ke nan da suka yarda da shi tare tun ranar sunana, kuma suka yi ta dariya har Inna ta zo ta ƙwace furar kada su ƙware.

Kumandan yana Bana, gashinsa ya fara tsirowa, an hana kowa taɓa shi, kuma har yau bai ce komai ba. Isufu, zuba mini shayi na biyun, ya huce.